Muhawara: "Kwamfuta da intanet sun isa guzuri", gaskiya ne ko hangen Dala?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga maganar da na faɗa jiya aka ce in kawo ta nan a baje. Duk wanda ke aiki ta intanet, ana biyansa da kuɗin waje, ba shi da hujjar zama wuri guda. Kwamfuta da intanet sun isa guzuri. Shekara biyu ke nan ina rubuta wa wani kamfanin Turai manhaja daga ɗakina a Kaduna, ba su taɓa ganina ba sai ta kyamara. To me zai hana in yi wata uku nan, wata uku can? Tun lokacin korona ƙasashe suka fara ba da biza ta musamman don irinmu: Barbados a Yulin 2020, Estoniya a Agustan shekarar, Fotugal a Oktoban 2022. Turawa na ce wa masu wannan rayuwa dijital nomad, ni kuwa na raɗa musu 'yan ci-ranin intanet. Bayan babbar Sallah zan ɗaga in sha Allahu.

Anti Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a yi nisa, nawa ne albashin?

Injiniya: Haba Anti, a bainar jama'a? 😄 Mu ce ya ɗan haura dala 1,500 a wata.

Anti Mai Lissafi: Ma sha Allah, Allah ya ƙara albarka. A Kaduna kai mai kuɗi ne, musamman tun da aka saki naira a Yunin 2023. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000, ba ka da abin kuka. Amma ƙasashe ukun da ka lissafa, ko ɗaya ba za ta buɗe maka ƙofa ba. Barbados na son wanda ke samun dala 50,000 a shekara, kuma kuɗin takardar kaɗai dala 2,000 ne. Kai naka bai wuce 18,000 da 'yan kai ba. Estoniya yuro 4,500 take nema a wata. Fotugal kuwa ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinta, wanda a 2025 yake yuro 870, ka ga ya kama 3,480 ke nan. Ba don irinka aka yi waɗannan bizojin ba, don wanda ya ɗauke ka aiki aka yi su.

Ɗan Maraɗi: Anti ta taɓo aljihu, bari ni in taɓo fasfo. Ko da kuɗin sun kai, ɗan Nijeriya zai iya shiga Barbados ba biza, gaskiya ne, amma ta ina zai bi? Yawancin jiragen da ke zuwa can ta Landan ko Amurka suke ratsawa, kuma kowacce sai ka nemi bizar wucewa. Bature yana sayen tikiti da safe ya tashi da yamma. Kai sai ka tara takardun banki na wata shida, ka bi layi, ka biya yuro 90 na Shengen, bizar shiga Turai, a hana ka, kuɗin kuma sun tafi ke nan.

Injiniya: To ai ban ce sai Turai ba. Afirka fa? Ruwanda na bai wa 'yan Afirka kwana 30 ba tare da biza ba. Ƙasashen ECOWAS kwana 90 tun yarjejeniyar 1979. Kef Bad ta buɗe shirinta na masu aiki daga nesa a Disambar 2020, kuma ta sa 'yan ECOWAS a cikin waɗanda suka cancanta. Namibiya ta yi nata a 2022.

Anti Mai Lissafi: Namibiya dala 2,000 a wata. Saura ɗari biyar 😄

Ɗan Maraɗi: Mu kam tun 29 ga Janairun 2025 mun fita daga ECOWAS ɗin, mu da Mali da Burkina, ko da yake an ce a ci gaba da zirga-zirga kafin a ga yadda za ta kasance. Amma ba wannan ne ya dame ni ba. Sunan da ka raɗa ne bai zauna ba, aboki. Na tashi na ga yayyena suna ɗaure kaya bayan an gama girbi, su nufi Kano ko Legas, su yi ga-ruwa, su yi yankan farce, su yi gadi, da an ji ƙamshin damina su dawo gona. Ɗan ci-rani yana barin inda babu kuɗi ya tafi inda kuɗi suke, ya ƙuntata wa kansa, ya kawo gida. Waɗannan mutanen akasin haka suke yi. Suna ɗauko albashin Landan su je su kashe shi a Bali ta Indonesiya ko Chiang Mai ta Tailan inda rayuwa ke da arha. Duk dabarar ke nan, babu wata. To kai da ke karɓar albashin Turai kana cin tuwo a Kaduna, ai ka riga ka isa inda suke wahalar zuwa. Duk inda ka matsa daga nan, asara za ka fara ƙirgawa.

Shugaban Zaure: Kai Ɗan Maraɗi, yau da me ka karya? 👏

Mai Zane: Ku dakata, kar a taru a kan mutum ɗaya. Duk masu maganar nan ji suke yi, ni na gani. Zanen tambari da tallace-tallace nake yi a Upwork, dandalin neman aiki ta intanet, kuma ni da maigidana mun yi kusan shekara muna yawo: Akara, Dakar, Kigali, Nairobi. Lissafin Ɗan Maraɗi daidai ne in kuɗi kaɗai ake dubawa. Hayar ɗaki mai kaya na wata ɗaya a Kigali ta fi abin da muke biya a gida nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da bai sa a ma'auni ba. A gida kafin in zauna aiki sai na yi tunanin wuta, na yi tunanin man janareta, na yi addu'a kar batir ya mutu ana tsakiyar ganawa. A Kigali na yi wata guda ban tuna da wannan ba. Kuma a wani wurin haya na masu aiki da kwamfuta a Nairobi na haɗu da matar da ta zama babbar mai ba ni aiki har yau. Da ina zaune a ɗakina da ban same ta ba. Zuwa da kai ya fi aike.

Injiniya: Allah ya saka da alheri Yaya! Ga shaida nan.

Mai Zane: Kar ka yi saurin murna, ban gama ba. Ranar 14 ga Maris 2024 muna Akara wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, Ghana da maƙwabtanta suka shiga duhu. Ina da aikin da zan miƙa washegari. Na zaga gari da kwamfuta a jaka kamar mai tallar goro, ban samu ba, mai aikin ya soke kwangila ya bar mini mummunan sharhi. A gida na san wa zan kira, na san gidan da ke da Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam. A baƙon gari ba ka san kowa ba. Sannan hotunan nan na mutum a bakin teku da kwamfuta a cinya, wallahi ƙarya ce. Rana ba ta barinka ka ga allo, yashi kuma ya shige maɓallai. Aiki a ɗaki ake yinsa, labule a sake, kamar dai a Kaduna.

Ɗalibar Lisbon: Salam. Ni karatu ya kawo ni nan Lisbon, babban birnin Fotugal, kuma ina so a kalli abin ta wajen masu gari. Matar da nake haya a gidanta haifaffiyar tsakiyar Lisbon ce, amma 'ya'yanta biyu sun koma bayan gari saboda haya ta gagare su. Gidajen unguwar da dama sun koma na kwanan baƙi a Airbnb. Wanda ke ɗaukar yuro 870 ba zai yi takarar ɗaki da wanda doka ta ce sai yana samun ninki huɗun haka ba. An sha fita zanga-zanga kan gidaje a nan. A birnin Meziko ma, a Yulin 2025, mutane sun fito a unguwannin Roma da Condesa suna kuka da baƙin da suka tsadar da haya, yawancinsu Amurkawa.

Injiniya: Amma ƙanwata, wannan laifin masu gidaje ne da gwamnati. Ni ɗaki ɗaya zan kama. Kuma ai kuɗi baƙon ke kawowa.

Ɗalibar Lisbon: Kowannensu ɗaki ɗaya ya kama, Yaya. Ban ce su kaɗai suka jawo ba, masu yawon buɗe ido da masu sayen gidaje don jari sun fi su yawa. Amma kuɗin da baƙon ke kawowa aljihun mai gida suke shiga, ɗan haya kuwa takardar tashi yake samu.

Anti Mai Lissafi: Mu ma mun san irinta. Ku tambayi 'yan Maiduguri yadda haya ta koma lokacin da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suka cika gari.

Baba Zango: 'Ya'yana, na karanta duka daga nan Kumasi, ko da yake ido ya yi rauni. Yawo da sana'a ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakannina fatake ne, da jakuna suka riƙa zuwa Salaga ta arewacin Ghana sayen goro, suna kawo kanwa da tufafi da fatu, madugu na gaba. Tafiyar kan ci watanni. To amma falke ba ya sauka a gari haka kawai. Yana da mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Shi kuma falken yana barin la'ada. Wasu suka zauna, suka yi aure, suka gina masallaci, shi ya sa har gobe akwai zango a Kumasi da Akara, ga ni ina yi muku Hausa. Tambayata ga Injiniya ita ce: a garin da za ka, wa ye mai masaukinka? In zazzaɓi ya kwantar da kai, wa zai kawo maka kunu?

Injiniya: Baba, Allah ya ƙara girma. Akwai inshorar lafiya ta matafiya.

Baba Zango: To. Ita inshorar tana dama kunu?

Mai Zane: 😂😂 Baba ya gama da kai. Gaskiya kaɗaici shi ya dawo da mu, ba kuɗi ba. An yi sunan 'yar ƙanwata da bikin ƙawata duk ta waya na kalla. Duk abokin da ka yi, mako biyu ya wuce wata ƙasa.

Na-Baya: Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. Injiniya, ka karanta takardar kwangilarka? Ni ban karanta tawa ba. Na tafi wata ƙasa na ci gaba da aiki shiru, ina ganin tunda aiki na tafiya ba ruwan kowa. Mako uku sai ga saƙo daga sashen tsaron kamfani, sun ga ana shiga na'urarsu daga ƙasar da ba su sani ba. Na gwada ɓoyewa da VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake, abin ya ƙara muni, domin ya zama yaudara. Ba don mugunta suka sallame ni ba. Sun ce zaman ma'aikaci a wata ƙasa na iya jawo musu haraji a can, kuma bayanan abokan cinikinsu akwai dokar inda aka yarda a buɗe su. Wata takwas na yi kafin in sami wani aikin.

Anti Mai Lissafi: Allah ya mayar da alheri. Ƙari a kan haka, ƙasashe da yawa in ka kai kwana 183 a cikinsu ka zama mai biyan harajinsu. Sabuwar dokar harajin Nijeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ita ma tana bin mazaunin ƙasa kan abin da ya samu ko daga ina ne. Yawo ba ya ɓatar da kai daga littafin masu haraji, yana iya sa ka shiga littafi biyu. Kuma izinin shiga na ɗan ziyara ba izinin aiki ba ne, ko da jami'an filin jirgi sun kau da kai.

Ɗan Maraɗi: Ga kuma agogo. Bali ta riga Kaduna da awa bakwai. Taron da kuke yi da la'asar, can sai sha ɗaya na dare.

Injiniya: Ni fa har yanzu ban sauka daga maganata ba. Duk abin da kuka lissafa shinge ne, kuma Yaya Mai Zane ta tsallake su da fasfo irin nawa. Na yarda guzurin ya fi kwamfuta da intanet, wannan kam na janye. Amma a ce in tsufa a ɗaki ɗaya don Kaduna ta fi arha? Ba don riba kaɗai ake tafiya ba. Ina so in ga duniya tun ƙafa na da ƙarfi, kafin iyali su taru.

Ɗan Maraɗi: To ka ce yawon buɗe ido za ka da aiki a jaka, mu yi maka addu'a. Ka dai sakar mana sunan ci-rani, masu shi na nan.

Shugaban Zaure: Injiniya, ka bi shawarar Na-Baya ka tambayi kamfanin tukuna, ka dawo mana da amsa.

Injiniya: Jama'a barkanmu da safiya. Na tambaya, sun amsa. Kwangilar ta ce daga Nijeriya zan riƙa aiki. Sun yarda da kwana 30 a shekara a waje, da sharaɗin in sanar tun da wuri, kuma su amince da ƙasar. Na ce Ruwanda, sun ce babu laifi.

Anti Mai Lissafi: Daga zagaya duniya an dawo wata ɗaya 😄 Ka ware kuɗin tikitin dawowa daban, kar ka taɓa su.

Mai Zane: Ka tafi da rigar sanyi, Kigali kan tudu take, dare akwai sanyi. Kuma kar ka saka leda a kayanka, an hana ta can tun 2008, a filin jirgi za su karɓe. Ka nemi masauki wajen Nyamirambo, unguwar Musulmi ce, akwai masallatai da abinci har dare.

Baba Zango: Yawwa, ka ga an fara samo maka zango.

Injiniya: Malam, kana ta karantawa ba ka ce komai ba. Tambaya ɗaya: tunda matafiyi zan zama, kasaru zan riƙa yi duk watan?

Malam Na-Tsangaya: A mazhabarmu ta Malikiyya, da zarar ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari, hukuncin tafiya ya yanke. Kasarunka a hanya ne kawai. Kana sauke jaka a Nyamirambo, azahar raka'a huɗu.