Wai kayan ɗaki ne tarkace?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina, wadda za ta ji haushi ta ji. Na fita daga ƙungiyar rage ƙibar nan da ake biyan N15,000 duk wata. Me ake ba mu? Jadawalin abinci mai tuffa da yogot da wani hatsin gwangwani da sai kin je manyan kantunan Ahmadu Bello Way a nan Kaduna, sai shayi a ƙunshi, sai duk Asabar ki hau sikeli ki ɗauki hoto ki tura. Makon da nauyinki bai sauka ba a ambaci sunanki gaban kowa a yi miki faɗa, da kuɗinki. Tun da na fita tuwona nake ci, malmala ɗaya maimakon biyu, na rage mai a miya, na bar lemon kwalba, bayan asuba na zagaya layinmu. Sannan na kwashe tarkacen da ya cika min ɗaki, kwalla da samira da kulolin da ba a taɓa zuba musu abinci ba, na ba dillaliya. Kuɗin na haɗa da wanda nake kai wa ƙungiya na ƙara hannu ɗaya a adashenmu. Zanena ya fara zagaye ni. Ni dai na ce babu macen da ke buƙatar biyan wata kafin ta rage ƙiba.

Ummu Sadiƙ: Masha Allah, Allah ya ƙara lafiya. Lemon kwalbar nan ne ni na kasa bari.

Hajiya Babba: Tsaya 'yar nan. Me kika kira tarkace? Kwalla da samirar da uwa ta tara miki? Mu a Tudun Wada tun yarinya tana goye ake fara sayen kayan ɗakinta, yau faranti gobe kwano, da kuɗin ƙosai da na kitso. Wata ta hana bakinta nama saboda kada a yi wa 'yarta gori ranar jere. Shi ne yau ya zama tarkace?

Maman Hanifa: Hajiya ku yi haƙuri, wallahi ba raini ba ne. Ina nufin kayan da ba a amfani da su, sai goge ƙura duk mako.

Anti Larai: To ki ce kayan da ba a amfani da su mana. Tarkace shi ne abin da 'yan gwangwan ke aunawa su kai Panteka.

Zee: Anti da girmanku, amma abin da ya tare ɗaki shekara da shekaru ba a ci a ciki, ba a sha a ciki, tarkace ne ko da zinare aka yi shi. Gidan haya ɗaki biyu, kabet ta cinye rabin falo, yara ba su da wurin yin aikin makaranta. A bar wannan al'adar.

Hajiya Babba: Ke ba ki san abin da ake kira kayan ɗaki ba. Jarin mace ne. Da can wace mace ce ke da asusun banki? Ranar da miji ya kwanta ciwo, ko aka miƙo mata takarda, kwallar nan za ta ɗauka ta sayar ta kama sana'a. Ba don ƙawa kawai ake jera su ba.

Zee: To ai abin da ta yi ke nan Hajiya. Ta sayar ta sa a adashe.

Hajiya Babba: Ta sayar ba tare da wata larura ba, kuma ta zage su.

Sista Rabi: Ku bari na ce wani abu a kan ainihin maganar, tunda aikina ne. Kafin mace ta biya kowa, ta san inda take. Ki raba nauyinki na kilo da tsawonki na mita, abin da ya fito ki sake raba shi da tsawon. Mai kilo 85 da tsawon mita 1.6 za ta samu 33. Daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙibar da ke jawo hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato tafiya da sauri ta minti 30 kwana biyar. Sukari kuma an fi so kada ya wuce giram 25 a rana, kimanin cokalin shayi shida, kuma har da wanda ke cikin zobo da kunun aya da fura, ba na kwalba kaɗai ba. Saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce mai ɗorewa. Abin da ya fi damuna shayin nan ne. Da yawansu filasko ne a ciki, gudawa yake sa ki, ruwan jikinki ya fita, sikeli ya nuna kin sauka alhali kitsen yana nan. Wadda ke shan maganin hawan jini ko take shayarwa kada ta kusance shi, kuma duk ƙunshin da babu lambar NAFDAC a jikinsa a ajiye shi.

Maman Khalil: Sista ki daina yi wa mutane kuɗin goro. Shayin ƙungiyarmu ba ya sa gudawa, ni ina sha. Kuma Maman Hanifa ki ji tsoron Allah, baiwar Allahn nan mai ƙungiyar da kike kushewa ita ta fara koya miki auna abinci. Ba kowa ke iya yi shi kaɗai ba. Ni in ba na san Asabar za a tambaye ni ba, wallahi daren Juma'a sai na ci gurasa da tsire. Ko a Amurka, ƙungiyar rage ƙiba ta Weight Watchers da aka kafa a 1963, wata mata ce ta fara tara ƙawayenta a gidanta a New York suna ƙarfafa wa juna gwiwa.

Zee: Kamfanin da ya shigar da takardar karyewa a kotu a watan Mayun 2025, bayan allurai masu rage ƙiba irin su Ozempic sun janye masa mutane? Kuma ki faɗa wa jama'a mai ƙungiyar ƙanwar mijinki ce.

Maman Khalil: Ko ƙanwar mijina ce sai me? Haram ne ta nemi halalinta? Ke da kike zaune Unguwar Rimi, titi shimfiɗe, maigadi a ƙofa, dole ki ce kowa ya fita tattaki.

Ummu Sadiƙ: Nan kam gaskiya ta faɗa. Mu a Rigasa wace mace ce za ta fita bayan asuba ita kaɗai? Ga masu ƙwacen waya, ga bakin unguwa. Murtala Square da ake cewa a je motsa jiki, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin Keke zuwa da dawowa ya isa cefanen miya.

Zee: Tsakar gida fa? Igiya nawa take?

Ummu Sadiƙ: Gidanmu ɗaki takwas ne na haya, ki zo ki yi tsalle da igiya gaban mazan mutane.

Malama Asiya: 'Yan'uwa a sassauta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya ba mu ma'auni: kashi ɗaya cikin uku na ciki don abinci, ɗaya don abin sha, ɗaya don numfashi. Ga azumin Litinin da Alhamis, in dai ba za a rama da soye-soye a buɗa baki ba. Maganar kaya kuwa, mallakarta ne, tana da ikon sayarwa. Sai dai da ta duba dangi, akwai marayun da ake neman yi wa kayan ɗaki.

Anti Larai: Yauwa Malama. Abin da za a iya yi wa marainiya jere da shi ba zai zama tarkace ba.

Maman Hanifa: Malama kuɗin makarantar yara nake tarawa da shi, ba biki zan yi ba. Don Allah a dawo kan maganar ƙungiya.

Hajiya Babba: Mahaifiyarki ta sani?

Maman Hanifa: Hajiya wannan tsakanina da ita ne.

Hajiya Babba: To ba ta sani ba ke nan. Kuma ramar nan da kuke nema, gobe dangin miji su ce ba a ba ki abinci, naki dangin su ce ba ki jin daɗin gidan. Mu a zamaninmu amarya in ta yi shekara ba ta murje ba sai an aika a tambaya lafiya. Daka da surfe da jan ruwa a rijiya su suka riƙe mana jiki, ba mu biya kowa ba, ba mu sayar da kwano ba.

Sista Rabi: Hajiya ai kun faɗi maganin da bakinku. Daka ta koma inji, ruwa ya koma famfo da 'yan garuwa, amma malmalar tuwo ba ta ragu ba. Ina ganin mata 'yan shekara 35 da hawan jini a wurin awo. Wannan ba gayu ba ne.

Zee: Kuma murjewar da ake yabo ita ke kai wasu shan maganin ƙara ƙiba a kemis.

Anti Larai: Zee ki iya bakinki, Hajiya ta haifi kamarki.

Zee: Ban zagi kowa ba Anti.

Maman Khalil: Kin zagi ƙanwar mijina.

Anti Larai: Ya isa haka. A matsayina na mai kula da zauren nan ga abin da aka tsayar. Mafi yawanmu sun yarda kayan ɗaki ba tarkace ba ne, amana ce ta iyaye, kuma Malama ta nuna kyautar da su ya fi sayarwa. Hajiya ta yi gaskiya cewa aikin gida ya ishi mace motsa jiki, Sista ma ta tabbatar. Maganar ƙungiya kowa ta yi abin da ya fi mata, ba mu taru don kashe wa wata kasuwa ba. Maman Hanifa ki janye kalmar nan ki ba Hajiya haƙuri, yara kuma a koyi magana da manya.

Sista Rabi: Anti ban ce aikin gida na yanzu ya isa ba. Kuma ba ku sa gargaɗin shayin ba, shi ne ya fi komai haɗari a duk abin da aka tattauna.

Maman Hanifa: Haƙuri na riga na bayar tun ɗazu. Amma mutum uku ne suka ce ba tarkace ba ne, kuma har yanzu ba wadda ta gaya min aikin me N15,000 ɗin nan take yi.

Anti Larai: Na rufe zaure sai da safe. Gobe ranar zubi ce, wadda ba ta turo nata ba kafin azahar ta san akwai tara.