Ƙaramin gidan abincin Sudan a Alƙahira: me ake haɗawa da me?

Baƙon Faisal:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidajen abincin 'yan Sudan sun yi yawa a unguwannin Faisal da Ardul Liwa a nan Alƙahira, irin ƙananan nan masu tebur huɗu ko biyar. Wasu ko takardar abinci babu, da baki ake jero maka sunaye: kisra, asida, gurrasa, tagaliya, ni'aimiya. Mu uku ne za mu je. Don Allah wanda ya san abincin ya taimaka. Me ake ci da me, nawa zai ishe mu, kuma akwai abin da bai kamata baƙo ya fara da shi ba?

Tsohon Ɗalibi:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin zancen me za ku ci, a fara da zancen yaushe za ku je. Ƙaramin gida tukunya ɗaya yake ɗorawa ta kowace miya, in ta ƙare ta ƙare sai gobe. Ga shi tun bayan yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 jama'arsu sun ƙaru sosai a waɗannan unguwanni, gidan da ya iya girki ba ya kai dare da miya. Saboda haka in kun zauna kada ku tsaya kan sunan da kuka haddace. Ku tambayi abin da aka dafa yau.

'Yan Sudan ba sa karya kumallo da sassafe, sai wajen ƙarfe 10 zuwa 11 na hantsi. Wannan lokacin ful ne. Wake ne mai faɗi da ake barinsa ya kwana a kan wuta 'yar kaɗan cikin tukunya mai siririn wuya, a kwaso a murƙushe, a zuba man riɗi, farin cuku mai gishiri, tumatir da albasa, a ci da burodi. Bambancinsa da na Misirawa man riɗin nan ne da cukun, kada ku yarda a ba ku da man da ba shi ba. In ƙwayar waken tana da tauri a tsakiya, bai samu isasshiyar wuta ba. In kuma yana tsami tun ba a matsa lemo ba, kwanan jiya ne aka ɗumama. Ta'amiyyarsu ma, wato ƙosansu, daban take, da kabkabe ake yinta, wani wake mai kama da gujiya, ba da ful ba kamar ta Masar. Kwano biyu na ful da faranti ɗaya na ta'amiyya sun ishi mutum uku.

Miya kuwa, wato mulah, daga bayan azahar zuwa la'asar take kan ganiyarta.

Mai Tukunya:
Ɗan'uwa, abubuwan da ka lissafa kashi biyu ne, akwai abin ci akwai abin haɗi. Kisra, asida da gurrasa su ne abin ci. Sauran miyoyi ne.

Kisra da ƙullin dawa ake yinta. A kwaɓa garin da ruwa, a zuba ɗan ragowar tsohon ƙulli, a rufe ya kwana ya yi tsami. Sai a ɗebo a shimfiɗa a kan faffaɗan kasko mai zafi, a baza shi siriri da ɗan abin shafi, ko minti ɗaya ba ya yi an ɗaye. Mai kyau tana da laushi, tana naɗuwa ba ta karye ba, tsaminta na daɗi ne ba mai kama haƙori ba. Wadda ke ɓarɓashewa a hannu ta sha iska ne, an bar ta a buɗe. Wadda ke jan roba kuma fulawa ta yi mata yawa. Ana ɗan sa fulawa don ta riƙe, amma wasu na wuce gona da iri. Kada launi ya ruɗe ka, dawar da suke kira fatarita duhu-duhu take bayarwa, ba ƙonewa ba ce.

Asida tuwo ne na ƙullin mai tsami, mutanen Darfur da Kordofan kuma sukan yi da gero. Ana zuba ta a kwano a kife, ta fito a mulmule, a kewaye ta da miya. Gurrasa ta alkama ce, mai kauri da taushi, abincin mutanen arewa irin su Dongola.

Ga yadda suke tafiya. Asida da tagaliya ko ni'aimiya. Tagaliya ana yinta da sharmut, wato naman da aka yanka siri-siri aka shanya ya bushe aka daka, sai soyayyiyar albasa, tumatir, tafarnuwa, a ƙarshe a kaɗa garin busasshiyar kuɓewa da suke kira weka. Gidaje da yawa yanzu niƙaƙƙen nama suke sawa maimakon sharmut, ana ci, amma ƙamshin ba ɗaya ba ne, ka tambaya. Ni'aimiya kusan ita ce, sai dai an ƙara nono da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, shi ya sa ta fi haske da laushi a baki. Wekar nan ita ce gwajin mai girki. In an zuba ta gaba ɗaya ba a barbaɗa ana kaɗawa ba, sai ta dunƙule, ka riƙa cin ƙulalai. In ta yi kaɗan miyar ta tsinke, ta ƙi kama lomar.

Kisra ta fi son miya mai yauƙi da ruwa-ruwa: bamiya mafruka, wato ɗanyar kuɓewa da aka burge da maburgi, ko khudra mafruka ta ganyen lalo. Gurrasa kuma da dam'a, miyar albasa ce da aka dafa har ta narke, da nama ko kaza a ciki. Wanda ya zuba dam'a a kan kisra zai ci, amma ya yi asarar duka biyun, tsamin kisrar yana danne zaƙin albasar.

Ku uku, ku karɓi asida ɗaya da tagaliya da ni'aimiya gefe da gefe a kwano guda, kisra falle shida da mafruka ɗaya, gurrasa ɗaya da dam'a. A tire ɗaya za a kawo, a ci tare da hannun dama. Kada ku zuba miya a kan kisrar duka lokaci guda, nan da nan take jiƙewa ta caɓe. Falle biyu-biyu.

Kawal kuma a bar shi sai zuwa na gaba. Ganyen tafasa ne da aka daka aka rufe ya ruɓa, aka shanya. Masoyansa ba sa haɗa shi da komai, amma warinsa na iya korar baƙo daga tiren gaba ɗaya.

Mai Garwashi:
Hajiya ta yi bayani, Allah ya saka. Sai dai ni ban yarda maza uku su tashi ba nama a tire ba. A cire gurrasar a sa shayya rabin kilo. Naman rago ne ƙanana, ko a kan garwashi ko a kasko cikin kitsensa. Da awo ake sayarwa, ku ji kuɗin kafin a ɗora, ku kuma ce a haɗa da kitse kaɗan, don zallar tsoka bushewa take. Ba a ajiye ta, kitsen rago na daskarewa da ya huce. In suna da agashe, gasasshen nama mai yaji, ku ɗanɗana, Hausawan Sudan ne suka kai shi can har ya zama na kowa.

Abin da zan hana ku shi ne marara da umfitfit. Hanta, huhu da tumbi ne ɗanye, ba su ga wuta ba, a yanka da albasa, gyaɗa, barkono da lemun tsami, wani lokaci har da ɗigon maɗaciya. A gida ana yinsu ne daga yanka sai ci. A gidan abincin da ba ka san yaushe aka yanka dabbar ba, kasada ce, kuma lemo da barkono ba sa kashe ƙwayoyin cuta. Mai son kayan ciki ya nemi kamuniyya, ita dafaffiya ce luguf.

Baƙon Faisal:
Na gode ƙwarai. Ɗayanmu gyaɗa na tayar masa da ƙaiƙayi da kumburi, ga shi na ji kuna ta ambatonta.

Mai Tukunya:
To lallai a kula, don gyaɗa a girkin Sudan ba a miya kaɗai take ba. Sunanta a bakinsu dakwa, wannan kalmar zai riƙe. Tana cikin ni'aimiya, tana cikin yajin agashe, tana cikin salatat aswad, wato soyayyen baƙin yalo da ake murƙushewa da lemo da tafarnuwa. Salatin tumatir ma sau da yawa da ita ake kwaɓawa, haka shatta, ɗan barkonon da ake ajiyewa a gefe. Man gyaɗa kuma man girki ne a wurinsu, don haka a tambayi man da aka yi suya da shi. Shi a ba shi nasa kwanon daban, a fasa haɗa miya biyu a kwano guda da na ce. Mai girkin za ku tambaya, ba yaron da ke kawo tire ba. In kumburin yakan taɓa numfashinsa, ya tafi da maganinsa a aljihu.

Tsohon Ɗalibi:
Abin sha, akwai karkade wato zoɓo, akwai aradeb na tsamiya, akwai gongolez na garin 'ya'yan kuka. Hannunsu na da nauyi wajen sukari, ku ce a rage tun kafin a zuba. Bayan cin abinci ku nemi jabana, gahawa ce mai citta da ake kawowa a 'yar butar ƙasa da ƙananan kofuna, sau tari da turaren wuta a gefe. Buta ɗaya ta ishe ku. Tana da ƙarfi, wanda ke son barci da wuri kada ya sha ta bayan magariba.