Daga Kano zuwa Jidda: awa nawa kuka yi a sama?

Ɗan Jahun: Salamu alaikum jama'a. Allah ya yi wa Innata kujerar bana, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba, iyakar tafiyarta Zariya. Ga ciwon gwiwa. Don Allah waɗanda suka je, awa nawa ake yi a sama?

Malamin firamare daga Bichi: Wa alaikumus salam. Allah ya kai ta lafiya. Daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne in jirgi ya miƙe. Da na je a 2019 awa huɗu da rabi muka yi. Sai dai ka ja mata kunne kan agogo, Saudiyya na gabanmu da awa biyu. Goma na dare muka tashi, muka sauka agogonsu na nuna huɗu da rabi na asuba. Wani dattijo da ke gefena har rantsuwa yake yi awa shida da rabi aka yi da mu.

Hajiya daga Ringim: Malam, wannan lissafin da ne. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 an rufe samaniyarsu, jirage suka koma zagaye. Mu a shekarar sai da muka haura awa shida. Amma ɗana, zaman jirgi ba shi ne wahalar ba. Kwana biyu muka yi a sansani kan tabarma, kullum ana cewa jirgi na hanya. Da muka sauka kuma ga layin duba fasfo, ga jiran kaya, sannan mota ta kwashe mu zuwa Madina, tafiyar kilomita 400 da wani abu. Ƙafata ta kumbura, silifas ya ƙi shiga. Innarka ta sa maganinta a ƙaramar jaka, kada ya bi babbar. Ka kuma ce mata ta riƙa shan ruwa. Tsohuwar da muka zauna tare ko kurɓa ɗaya ta ƙi yi don tsoron banɗakin jirgi, wai ƙararsa za ta zuƙe ta. Jiri ya kusa kayar da ita a matakala.

Ɗan kasuwa daga Ɗambatta: Ni Umara na je, na bi ta Addis Ababa don sauƙin kuɗin tikiti. Da zaman jira da komai, wuni da kwana ya tafi. Ban ba tsoho shawarar wannan ba.

Baba daga Gumel: Yaran zamani! Kakanmu a ƙafa ya tafi, ta Chadi da Sudan, yana noman ƙodago a hanya don guzuri. Da ya dawo, yaron da ya bari a goye har ya fara kiwo.

Ɗan Jahun: Na gode ƙwarai. Baba, na karanta wa Inna naka, ta ce ita dai a tambayar mata Hajiya ko ana barin mutum ya shiga da furarsa.