Gwajin jinin wadda zan aura ya fito kala biyu

Abu Sadiƙ: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni AS ne, wato ina ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Yarinyar da zan aura ta yi gwaji wuri biyu, ɗaya ya ba ta AA, ɗayan AS. An kai lefe, an sa rana bayan Sallah. Wane gwaji zai raba gardama, kuma nawa ake yinsa?

Baba Ɗanlami: AS da AS ba aure, ɗana. Ka haƙura.

Ɗalibar likitanci: Baba, ai ba a tabbatar ita AS ba ce. Malam, a yi mata HPLC, gwajin na'ura mai tantance nau'in haemoglobin (furotin ɗin jan jini), kuma ka tambaya ko an ƙara mata jini kwanan nan, yana rikita sakamako. Asalin ciwon sikila canjin harafi ɗaya ne a DNA, kundin gadon halitta, a kuromosom na 11: GAG ya koma GTG. Jiki yana kwafe saƙon zuwa mRNA, ribosom, injin haɗa furotin, ya karanta harafi uku-uku yana jera amino asid, tubalan haemoglobin, a gurbi na 6 sai ya sa valine maimakon glutamic acid. Shi ya sa in oksijin ya yi ƙasa ƙwayar jini ke lanƙwashewa kamar lauje.

Maman Ummi: Ku bar boko ku ji daga bakin uwa. Mu ma AA aka rubuta wa mijina. Ummi ba ta cika shekara ba hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ko taɓa ta aka yi sai ihu. Da hunturu ba ma barci, ana dafa ruwan zafi ana gasa mata ƙashi, da asuba mu nemi mai ba da jini. Dangin miji har yau ni suke zargi.

Habu Mai Shayi: Allah ya ba ta lafiya. Ni dubu uku na yi nawa.

Ɗalibar likitanci: Wannan ba HPLC ba ne, HPLC ya haura dubu goma inda na sani.

Baba Ɗanlami: Yarinya, ba ki gama makaranta ba. Maman Ummi ta fi ki sanin ciwon nan.

Habu Mai Shayi: Ango, in an fasa a turo mana kayan lefen mu yi gwanjo.

Maman Ummi: In AS ya auri AS, haɗarin sikila a kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Nawa biyu a jere.

Malam Isiyaku: Tun da Kano ta wajabta gwajin kafin aure a 2024, wa ke bin ɗakunan gwajin nan? A unguwarmu akwai wanda in ka ƙara masa kuɗi zai buga maka AA ko jini bai ɗiba ba, limami kuma takarda kawai yake gani.