Ruwan sama ranar jana'iza: alamar rahama ce ko dai damina ce?

Hajiya ta Birni: Jiya da aka kai limamin unguwarmu makwanci, hadari ya rufe rana, ana gama rufe kabari aka soma yayyafi. Tun muna yara kakanninmu ke cewa wanda aka yi wa ruwa ranar biso ya dace. Allah ya jiƙan Malam.

Ɗan Zengo: Amin, Hajiya. Amma fa Agusta muke ciki. A Damagaram wa zai rasu a watan nan bai samu hadari ba? Ko ɓarawon awaki ne.

Hajiya ta Birni: Kai yaro, kiyayi bakinka.

Malami a Garin Malam: Hajiya, a yi masa haƙuri, yana da hujja. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina, shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi husufi. Mutane suka ce don rasuwarsa ne. Annabi da kansa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ɗansa na cikinsa ke nan, balle limaminmu.

Baba na Sabon Gari: To Malam, ina ka baro sahabin Annabi Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda Al'arshi ya girgiza don rasuwarsa? Kuma a Suratud Dukhan an ce sama da ƙasa ba su yi wa mutanen Fir'auna kuka ba. Ashe ke nan akwai waɗanda suke yi wa.

Malami a Garin Malam: Baba, ka kawo magana mai nauyi. Sai dai girgizar Al'arshi ba wanda ya gani da ido, Annabi ne ya ba da labari. Mu wa zai ba mu labarin kabarin wani?

Ɗan Zengo: Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ma a Afrilun 1817 ya rasu a Sakkwato, tsakiyar bazara. Alhazan da zafi ya kashe a Makka a 2024 kuma, sun fi 1,300. Su ma ba su dace ba ke nan?

Hajiya ta Birni: Ni ban ce wanda rana ta buɗe wa ya taɓe ba.

Ɗan Zengo: Ke ba ki faɗa ba, Hajiya, amma da aka yi guguwa ranar jana'izar wani maƙwabcinmu, har gaban 'ya'yansa aka riƙa raɗa.

Baba na Sabon Gari: Wannan kam zalunci ne. Gobe addu'ar uku, da ƙarfe bakwai a ƙofar gidan Malam.