Tambaya: me yasa tangaran na injin yake tsagewa tun bai kai zafin da zai rushe ba?

Dan_aji_uku: Slm 'yan uwa, dan Allah wani abu ne ya ɗaure min kai. Malam yace silikon naitirayid, wato wani irin tangaran da ake sassan inji da shi, sai wajen digiri 1900 na Celsius yake rushewa, amma kuma wai tun daga wajen 1200 zuwa sama ƙarfinsa yake fara raguwa har ya tsage in an ɗora masa nauyi, to ina juriyar zafin da ake ta yabonsa da ita kenan? Jarabawa saura sati biyu wlh.

Injiniya_Z: Wslm ƙanena. Ai ba ƙwayoyin garin da aka yi tangaran da shi ne suke gazawa ba, abin da ya liƙe su ne. Garin silikon naitirayid ba ya haɗewa shi kaɗai in an gasa shi, dole a zuba masa ɗan sinadarin yitiriya ko magnishiya, su kuma su haɗu da silikar (sinadarin da ke cikin yashi) da ke jikin garin su zama ruwa, in ya huce sai ya daskare ya zama gilashi siriri tsakanin ƙwaya da ƙwaya, kaurinsa wajen nanomita 1 kawai, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Ka ɗauka bulo ne mai kyau aka yi gini da shi amma simintin ƙarya. Zafi yana ƙaruwa gilashin nan yana laushi, ƙwayoyi su fara zamewa, ƙananan ramuka su buɗe a inda ƙwaya uku suka haɗu, ramukan su yi ta haɗewa a hankali har su zama tsaga, abin yana iya ɗaukar ɗaruruwan awoyi. A sanyi kuwa ba haka bane, aibi ɗaya ɗan ƙarami ya isa, tas! lokaci guda ba sallama.

Oga_Bakanike: Ni dai ba boko nayi ba amma na san farin jikin filogi in yayi zafi ruwan sanyi ya taɓa shi yana iya tsagewa, kamar tukunyar ƙasa ta inna in an sauke ta daga murhu an sheƙa mata ruwa. Ko ba shi bane?

Injiniya_Z: Oga naka ma gaskiya ne amma ciwo ne daban. Farin nan wani tangaran ne daban mai suna alumina, waje ya huce ya takure ciki yana nan da zafi sai fatar ta yage. Silikon naitirayid ya fi jure wannan sosai, shi yasa Nissan suka sa shi a farfelar turbo tun 1985.

Maman_Hanan: Ɗana kar ka manta tururi, malamai suna son wannan. Silikon kabayid, wanda shi ma wani tangaran ne na inji, yana yi wa kansa rigar silika da ke kare shi, amma tururin da ke cikin injin jirgi yana cinye rigar a hankali, shi yasa sassan silikon kabayid da ke injin jirgin sama mai suna LEAP sai an musu wani shafe na musamman a sama.

Dan_aji_uku: Na gode Allah ya saka. Wato in an rage gilashin shikenan?

Injiniya_Z: Ana ragewa, ko a sake gasa shi gilashin ya koma kiristal, wato daskararre mai tsari irin na ƙwayoyin da ba ya saurin laushi, sai dai in ka rage da yawa haɗa shi yana wahala kuma ya fi saurin fashewa a sanyi. Zana ramukan nan a takardar jarabawa, ka nuna su a kusurwar ƙwayoyi.