Wanda ya taba zaga Geltar Arshe da kafa ya bamu labari

Dan Kusiri: Slm yan uwa. Muna shirin zuwa Ennedi, yankin duwatsu a arewa maso gabashin Chadi, da sanyin bana ni da abokan kasuwa na, direban da muka yi magana dashi yace akwai wani zagaye da ake yi da kafa a Geltar Arshe, wato wani tafki da ke cikin kwarin dutse, a hau dutse a leko ruwan daga sama sannan a sauko ta cikin kwarin a dawo wajen mota, wai gajere ne. Dan Allah wanda ya taba yi ya fada mana gaskiyar abin, akwai dattijo a cikin mu.

Baban Ummi Injamena: Wslm. Gajere ne a bakin direba tunda shi a mota yake zama yana shan shayi. Mu mun tashi bayan sallar asuba daga inda muka kwana, farkon hanyar yashi ne mai laushi kafa na nutsewa, kana taku biyu kamar daya kayi, sai kuma a shiga duwatsu ana hawa ana sauka wani wajen sai ka dafa da hannu. Amma wlh da muka leko daga saman nan na manta da gajiyar. Kwari ne mai zurfi tsakanin jajayen duwatsu, ruwa a kasa baki kirin, rakuma cike da wajen wasu har kirji a cikin ruwan, kukan su na bugun dutsen yana dawowa. Bakin ruwan kuma kashin rakuman ne ya mai dashi haka, kar wani yace zai sha.

Hajiya Mai Atamfa: Nidai abinda zan ce takalmi. Naje da silifas irin namu na gida, wani dan kabilar Gorane da ke mana jagora ya kalli kafata ya girgiza kai, a kasuwar garin Kalait da ke kan hanya aka nemo min kambas kafin mu wuce. Karangiya ce ko ina a inda ciyawa ta bushe, ta kama zani ta kama safa, kina cirewa tana shiga yatsa. Mata ku sa wando a ciki kuma ku daure mayafi sosai saboda iska a saman.

Dan Kusiri: Hajiya kadojin da ake cewa akwai a ruwan fa, da gaske ne ko labari ne?

Hajiya Mai Atamfa: Da gaske ne amma ni ban gani ba, mai gida na ne yace ya hango daya kwance a bakin ruwa.

Malam Na Abeshe: Akwai su, sun ragu ne ƙwarai, 'yan kaɗan suka rage. Tun zamanin da Sahara take da koguna da tafkuna suke wurin, ruwa ya janye ya bar su a wannan kwarin, kifi da kwaɗi suke ci. Ba su da girma irin na kogin Logon ko Shari. Wanda yake son ya gan su ya yi shiru ya zauna a sama ya jira rana ta ɗan ɗaga, lokacin suke fitowa shan hantsi. Sannan ku sani wurin ba daji ne marar mai shi ba, UNESCO ta sa Ennedi cikin kayan tarihin duniya a 2016, kuma tun 2018 ƙungiyar kare gandun daji ta African Parks ke kula da gandun Ennedi tare da gwamnatin Chadi, ofishinsu na garin Fada. Zanen da ke jikin duwatsu irin na dutsen Terkei, masu dawaki da shanu, kar a taɓa, kar a watsa musu ruwa don hoto ya fito, na ga masu yi kuma abin yana ɓata zanen.

Alhaji Garwa: Ni zan saba da Baban Ummi kadan, tafiyar bata kai yadda yake fada ba in mutum ya saba. Wanda ya taba sauka kwarin Rumsiki a arewacin Kamaru ya zago ta gindin dutsen Kapsiki ya hawo zai iya wannan. Bambancin shine a Rumsiki kana tafe kana haduwa da gidaje da yara da masu gona, in kishi ya kama ka akwai wanda zaka roka, a Arshe kuwa daga kai sai abinda ka dauko a bayan ka, network babu, inuwa sai ta dutse ko wata yar kaya can nesa. Saboda haka ruwa kowa ya rike nasa a jiki kar ace ai jarkar ruwa na cikin mota, motar tana can wani gefen.

Baban Ummi Injamena: Alhaji ai kai dan dutse ne, mu yan kwalta a bar mu da hakin mu hhh. Amma maganar ruwa gaskiya ce, a tawagar mu akwai wani saurayi da ya raina tafiyar ya dauki karamar gora daya, kafin mu fara saukowa ya shanye, sai rabawa muka yi dashi.

Ummu Sadik: Mu a watan Janairu muka je, da dare sanyi kamar me sai da muka hada bargo biyu biyu, karfe goma na safe kuma dutsen ya fara zafi. Game da dattijon ku, mahaifina bai hau ba, an kai shi ta kasa ta bakin kwarin inda makiyaya ke shigo da rakuma, ya zauna a inuwa yaga komai a kusa harda yan matan da ke jan akuyoyi, yace shi ya fi mu more wa. Sai dai a nemi izini kafin a dauki mutane hoto, basa so, musamman matan.

Dan Kusiri: Toh madalla nagode. Kenan Baba sai ta kasa. Jagoran a Fada ake samu ko tun Kalait zamu nema?

Malam Na Abeshe: Ku bari sai Fada, 'yan wurin sun fi sanin hanyar, kuma ku gama takardun izinin tafiya tun a Injamena don jandarmomi na tambaya a hanya.